Addini, Ƙabila da Batun Kashe Kai a Tsakanin Ɗaliban Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

A makarantun Zariya akwai zancen da ba a yinsa da ƙarfi. Sai dai ka tsince shi a ƙofar masallaci bayan isha'i, ko a teburin mai shayi a Samaru, da murya ƙasa-ƙasa: "Ka ji abin da yaron nan ya yi wa kansa?" A yi salati, wani ya ce Allah Ya kiyaye, wani ya ce ai wannan ɗan wuta ne, a watse. Na daɗe ina zama da ɗalibai, Musulmi da Kirista, 'yan gari da baƙi, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakinsu. Idan kai mai karatu kana cikin halin da ake magana a kai, tsallake zuwa tambayar da ta ce "Ni ne a ciki", sauran ka karanta daga baya.

Wai da gaske abin yana faruwa a nan? Ba matsalar Turawa ba ce?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, wato daidai shekarun ɗalibanmu, abin yana cikin manyan dalilan mutuwa a duniya.

Abin da ya sa muke ganin kamar babu shi a nan shi ne yadda muke rufe shi. Musulmi kan binne mamaci a ranar da ya rasu, ba kasafai likita ke binciken gawa ba, dangi kuma su ce "gajeriyar rashin lafiya ce". Ba na ganin laifin uwar da ta faɗi haka, rufin asirin ɗanta take yi. Amma kada mu ɗauki shirun a matsayin shaidar cewa lafiya lau muke.

Me Musulunci ya ce a kan kashe kai?

Haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai. Babu saɓani a kan wannan. A Suratun Nisa'i aya ta 29 Allah Ya ce kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun zo da gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya aikata. Ko fatan mutuwa saboda wata cuta da ta sami mutum, Annabi (SAW) ya hana, ya koyar da a ce: Ya Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ta fi mini alheri, Ka karɓi raina idan mutuwa ta fi mini alheri.

Ka lura da ƙarshen ayar Nisa'i. Hanin da rahama aka rufe shi. Wa'azinmu yakan ɗauki rabin farko ya bar na biyu.

To wanda ya kashe kansa ya kafirta ke nan? Ana yi masa sallah?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai suka fi yin kuskure a kanta, kuma kuskuren yana da tsada, don haka bari in tsaya a nan.

A wurin Ahlus Sunna, kashe kai babban zunubi ne amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Mai shi yana ƙarƙashin ganin damar Allah, in Ya so Ya yi masa azaba, in Ya so Ya yafe. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wani mutum daga mutanen Ɗufail bin Amr Addausi da ya yi hijira zuwa Madina, ya kamu da ciwo, ya kasa jurewa, ya yi wa kansa lahani a hannuwa har ya rasu. Ɗufail ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawar kama amma hannuwansa a lulluɓe, mutumin ya ce masa Allah Ya riga Ya gafarta masa saboda hijirarsa zuwa ga Annabi. Da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannuwan nasa su ma. Babin da hadisin yake ciki, sunansa ma hujja ce cewa mai kashe kansa ba ya kafirta.

Game da sallah, gaskiya ne an ruwaito daga Jabir bin Samura cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wanda ya kashe kansa bai sallace shi ba. Mafi yawan malamai sun fahimci cewa ya janye ne domin tsoratarwa, bai hana sauran Musulmi yin sallar ba. Risalar Ibn Abi Zaid, ta fiƙihun mazhabar Malam Maliku, wadda ake biyawa a zaurukan cikin birnin Zariya tun kaka da kakanni, ta faɗa ƙarara cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa sallah. A yi masa wanka, a sa masa likkafani, a binne shi a maƙabartar Musulmi.

Sai kuma batun hankali. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Mu ba mu san iyakar abin da ciwo ya yi wa hankalin mamaci a sa'arsa ta ƙarshe ba, Allah ne Ya sani. Ɗalibin aji biyu da ke yanke wa ɗan'uwansa hukuncin wuta a zauren WhatsApp ya wuce inda Malam Maliku da almajiransa suka tsaya.

Kiristoci fa, me coci ke cewa?

Su ma haramun ne a wurinsu, bisa dokar "kada ka yi kisankai". Tun ƙarni na 5 Waliyyi Agustin ya fassara dokar da cewa ta haɗa da ran mutum kansa, kuma an ɗauki ƙarnoni coci na hana wa irin wannan mamaci jana'iza. Cocin Katolika ta sassauta: dokokinta na 1983 ba su sa shi cikin waɗanda ake hana wa jana'iza ba, littafin koyarwarta na 1992 kuma ya ce tsananin ciwon ƙwaƙwalwa ko ƙunci na iya rage wa mutum alhaki, kuma coci na yi wa irin waɗannan addu'a. Cocin ECWA, Angilikan, Baftis da Fentikostal kowace da salonta, har tsakanin fasto da fasto ana samun bambanci.

Fastocin da suka iya zama da matasa sukan buɗe musu 1 Sarakuna sura 19, inda Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah Ya ɗauki ransa. Abin da aka fara yi masa shi ne mala'ika ya tashe shi ya ci abinci, ya sha ruwa, ya sake kwanciya. Haka kuma a Ayyukan Manzanni 16:28, da mai gadin kurkuku ya yi niyyar halaka kansa, Bulus ya ɗaga murya ya ce kada ka yi wa kanka lahani, duk muna nan.

Ke nan mai riƙo da addini ba ya shiga irin wannan tunani?

Yana shiga. Na zauna da mahaddacin Alƙur'ani da ke kuka yana cewa shi kam ya gaji da duniya, na zauna da 'yar mawaƙan coci da ta faɗi kusan kalmomin nan. Babu wanda zai ce Annabi Yaƙub ya rasa imani, amma baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da ya farantar da idanunsa. Nana Maryam, lokacin naƙuda a gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, sunanta a tarihi shekarar baƙin ciki.

Addini yana karewa, wannan gaskiya ne, bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu halartar ibada a kai a kai sun fi ƙarancin kashe kansu. Amma ta wace hanya yake karewa? Tun 1897 masanin zamantakewa Bafaranshe Emile Durkheim ya lura cewa a Turai abin ya fi ƙaranci a cikin Katolika fiye da Furotesta, alhali duka biyun sun haramta shi. Ya ce bambancin na ga yadda jama'a ke riƙe da mutum. An yi ta gyara masa lissafi daga baya, amma jigon maganar ya tsaya. Saurayin da in bai zo sallar asuba kwana biyu ba wani zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko budurwar da 'yan ƙungiyar addu'a za su neme ta in ba su gan ta ba, suna da igiyar da wanda ke kwana shi kaɗai a ɗakin haya ba shi da ita. Tsoron azaba yakan tsayar da hannu, amma ba ya cire ciwon da ke zuciya.

Akwai kuma inda wa'azi ke ƙara nauyi. Wanda aka gaya wa cewa duk mai wannan tunani imaninsa ne ya yi rauni, sai ya koma da kaya biyu: ciwon da yake fama da shi, da jin cewa Allah ma Yana fushi da shi. Daga ranar ba zai sake buɗe baki ba.

Ƙabilar mutum tana da tasiri a yadda yake kallon abin?

Tana da shi, kuma Zariya wuri ne mai kyau na ganin haka. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ɗalibai ke zuwa daga kowace kusurwa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga masu karatun koyarwa. A ɗaki ɗaya sai ka sami Bahaushe, Bayarabe, Ibo da ɗan Bajju.

Bahaushe da haƙuri aka raine shi, da kunya, da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bafulatani yana da fulaku, wanda munyal da semteende, wato juriya da kunya, ke cikin ginshiƙansa. Kyawawan ɗabi'u ne, amma suna sa yaro ya haɗiye abin da ya kamata ya amayar. A al'adar Ibo ta gargajiya, kashe kai ƙazanta ce ga Ala, uwar ƙasa, dangi ba sa taɓa gawar, sai an yi tsarki. Yarabawa na da karin maganar da ke cewa mutuwa ta fi wulaƙanci, kuma a tsohuwar daular Oyo majalisar Oyo Mesi na iya aika wa Alafin, wato sarkin Oyo, alamar cewa ƙasa ta ƙi shi, sai ya kashe kansa. Wannan tarihi ne na sarauta, ba halin Bayaraben yau ba, wanda galibi Musulmi ne ko Kirista kuma yana ƙyamar abin kamar kowa.

Sai dai a yi hattara. A Nijeriya addini da ƙabila a cakuɗe suke, yana da wuya ka ware wanne ke magana a bakin mutum. Bahaushe Kirista na Wusasa da Bahaushe Musulmi na Tudun Wada, kunyarsu iri ɗaya ce. Bayarabe Musulmi daga Ilori a wasu abubuwan ya fi kusa da Bayarabe Kirista fiye da Bakano. A abin da na gani, ƙabila tana canza kalmar da za a zagi mamaci da ita ne kawai: wannan ya ce ɗan wuta, wancan ya ce abin ƙyama, wani ya ce rago. Babu ƙabilar da ciwon ya tsallake.

Me ya sa ɗalibai ke tsananta magana a kan wanda abin ya faru da shi?

Wani tsoro ne, wani kuma burga. Mutum na jin in ya nuna tausayi za a ce ya halatta. Ana iya ƙin aikin ɗari bisa ɗari, a kuma tausaya wa mai shi, kamar yadda muke ƙin shaye-shaye amma muke ɗaukar ɗan'uwanmu mu kai shi asibiti. Abin da masu zafin baki ba su sani ba shi ne, a cikin waɗanda ke sauraronsu a ɗakin nan, mai yiwuwa akwai wanda ke auna ko zai faɗi nasa. Ya ji abin da aka ce, ya ja bakinsa.

Aljanu ne, sammu ne, ko ciwo?

Mafi yawan lokaci akwai ciwon damuwa mai tsanani a ƙarƙashi, ko wani ciwon ƙwaƙwalwa, ko shaye-shaye, ko wata musiba da ta auko farat ɗaya. Ciwon damuwa ba ɓacin rai na kwana biyu ba ne. Mako biyu ko fiye mutum ba ya jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ya fita kansa, ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai fahimta ba, yana jin shi kaya ne a wuyan mutane. Yana da magani, na sha da na zama da ƙwararre.

Ba na faɗa da ruƙiyya ko addu'ar fasto. A yi, amma a haɗa da asibiti, yadda ba wanda ke ƙin kai mai taifod wurin likita don ana yi masa tofi. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Abin da nake faɗa da shi shi ne a ɗaure yaro, a doke shi da sunan fitar da aljani, ko a ce ya zubar da maganin likita.

Me ke kai ɗalibi bakin wannan rami?

Ba kasafai dalili ɗaya ke yi ba, taruwa suke. Kwas ɗin da aka faɗi aka sake faɗi. Takardar kora da yaro ya ɓoye, yana ci gaba da karɓar kuɗin makaranta daga mahaifin da ya sayar da buhunan masara, yana lissafin ranar da asiri zai tonu. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci wata 9 da na 2022 da ya ci wata 8 sun bar ɗalibai da yawa suna kallon sa'o'insu sun wuce su. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota da na abinci sun sa wasu cin abinci sau ɗaya a rana. Ga cacar ƙwallo a waya, ga manhajojin bashi masu aika wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci. Ga soyayyar da ta watse, ga wanda ke riƙe da hoton yarinya yana yi mata barazana, ga fyaɗe da ba a iya faɗa wa kowa ba. Ga tiramadol da kodin, waɗanda ake fara sha don a manta, su ƙare da rage wa mutum birki.

A kusan duka za ka ga zare ɗaya: kunya. "Da wane ido zan kalli Baba?" Na sha jin wannan jimla. Kuma ban taɓa zama da uban da ya zaɓi takardar digiri a kan ran ɗansa ba, ko da ya yi faɗa, ko da ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwa.

Maza ko mata, wa abin ya fi shafa?

A duniya maza sun fi mutuwa ta wannan hanya, fiye da ninki biyu na mata, ko da yake a ƙasashe da yawa mata sun fi yin yunƙuri. Namiji an ce masa ba ya kuka. Mace kuma in ta yi yunƙuri sai a ce neman a kula ta take yi, ko a fara tunanin wa zai aure ta. Duk yunƙuri abin ɗauka da gaske ne, domin yunƙurin baya shi ne babbar alamar haɗari a gaba.

Gaskiya ne ana kama wanda ya yi yunƙuri ya tsira?

A rubuce, laifi ne. Kundin hukunta laifuka da Arewa ta gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara a sashe na 231, na Kudu kuma a sashe na 327. Gadon Turawan mulki ne, su kuwa Ingila sun soke tasu tun 1961, Gana ta soke a 2023. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sai dai ba ta goge waɗancan sassan ba, likitoci da lauyoyi kuma sun daɗe suna kira a goge su. A ganina dokar ba ta hana kowa, abin da take yi shi ne ta sa dangi su ɓoye mara lafiya a gida. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ka kai mutum asibiti. Aikin likita ceton rai ne.

Waɗanne alamomi zan lura da su ga abokin ɗakina?

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya daina zuwa lakca, ya daina wanka, ya daina zuwa masallaci ko coci alhali da ba ya fashi. Yana cewa "kun kusa hutawa da ni", ko "ina ma in kwanta kada in tashi". Yana rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, yana rubutun ban kwana a sitatus. Wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ka ga ya sake ya yi fes ba tare da matsalarsa ta warware ba, wannan ma a sa masa ido. A ƙara kula a makon da aka liƙa sakamako.

In na tambaye shi kai tsaye, ba ni na sa masa tunanin ba?

A'a. An bincika wannan sau da yawa, tambaya ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Ɗan'uwa, kwana biyu ba na gane maka. Don Allah gaya mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka ne?" Ka faɗi kalmar, kada ka kewaye. In ya ce e, kada ka zabura da a'uziyya, kada ka fara jero masa hadisan wuta, ya san su, wataƙila ya fi ka. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga uku. Ka ce: "Na gode da ka gaya mini. Ba zan bar ka kai kaɗai ba." Ka saurara fiye da yadda kake magana.

Sannan ka tambaye shi ko ya shirya wani abu, ko ya sa rana. In haka ne, gaggawa ce: kada a bar shi shi kaɗai, a kau da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a tafi asibiti a lokacin. Kau da kayan haɗari ba ƙaramin abu ba ne. Tsananin tunanin yakan taso ne ya lafa, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Ƙasar Siri Lanka da ta hana shigo da magungunan gona mafi guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi daga tsakiyar shekarun 1990.

Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Yaya zan yi?

Rai ya fi rantsuwa. Musulmi ya san wanda ya rantse a kan abu ya ga waninsa ya fi alheri, zai yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Gaya masa gaskiya: "Ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, zaɓi wanda za mu gaya wa tare." Ba shi zaɓi, yayarsa, kawunsa, wani malami da ya yarda da shi. Ba sai duk hostel sun ji ba. Zai iya yin fushi da kai na ɗan lokaci, ka jure.

Ina za a je a Zariya?

Wuri mafi kusa shi ne asibitin makarantarku da ofishin kula da harkokin ɗalibai, inda ake samun masu ba da shawara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa da sashen gaggawa, a Kaduna kuma akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. In mutum ya riga ya cutar da kansa, duk asibitin da ya fi kusa shi ne daidai, kada a tsaya ba shi manja ko madara a ɗaki. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Akwai shirin SURPIN da ya faro a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da ƙungiyar MANI, masu sauraron mutane ta waya ko intanet.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka za a iya yin layi. Wannan ya sa nake ganin shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na addini, wato MSSN ta Musulmi, FCS ta Kirista da NFCS ta 'yan Katolika, da limaman masallatan makaranta da fastoci, su ne ya kamata a fara koya wa gane alamomin nan. Wurinsu ɗalibi ke fara zuwa kafin ya tuna da likita.

In abin ya faru, laifi ne in sa a WhatsApp ko Facebook?

Kada ka yaɗa hoto, ko wasiƙar da ya bari, ko bayanin yadda ya yi. Abin yana da naso: mai rauni in ya ga an bayyana hanya, an kuma mai da mamaci abin magana, yakan kwaikwaya. A birnin Biyana na Ostiriya, bayan 'yan jarida sun karɓi ƙa'idojin rage yayata irin wannan labari a 1987, mace-macen da ake yayatawar sun ragu sosai. Kuma ka tuna yana da uwa, tana da waya.

Ni ne a ciki. Me zan yi a daren nan?

Ɗan'uwana, ko 'yar'uwata, zuwan tunanin nan bai mai da kai kafiri ko mahaukaci ba. Alama ce cewa nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tashi ka fita daga inda kake kai kaɗai, ko da ɗakin maƙwabci ne ko wurin masu gadi. Duk abin da ka tanada, miƙa wa wani ya riƙe. Kada ka sha komai mai bugarwa. Kira mutum ɗaya, ko da ƙarfe biyun dare ne, ka ce masa: "Ina tunanin kashe kaina, zo ka zauna da ni." In wanda ka fara kira bai fahimta ba, kira wani. Da safe ku tafi asibiti tare, in kuwa kana jin ba za ka kai safiya ba, ku tafi yanzu.

Batun kora, ko bashi, ko cikin da ba a shirya ba, ko hoton da ake maka barazana da shi, duka suna da hanyar da ake bi, kuma ba a daren nan za a warware su ba. Aikin daren nan shi ne ka kai gobe.

Abokinmu ya rasu ta wannan hanya. Mu je ta'aziyya? Me za mu ce?

Ku je. Irin wannan gida mutane kan ƙaurace masa, ko su zo don jin ƙwaƙwaf. Ku durƙusa ku gai da mahaifiyarsa, ku ce: "Mama, mu abokan karatunsa ne. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa." In gidan Kirista ne ku ce Allah Ya ta'azantar da su. Kada ku tambayi yadda aka yi. In kuna da wani alheri da kuka sani game da shi, ya taɓa koya muku lissafi, ko ya raba abincinsa da ku, ku faɗa mata.

Bayan kun dawo, ku kula da wanda suke ɗaki ɗaya da shi, musamman wanda ya fara ganinsa. Zai yi ta cewa da ya sani da bai fita ba a ranar. Ku sauya masa ɗaki in zai yiwu, ku riƙa cin abinci tare da shi, in kuma bayan makonni barci ya ƙi dawo masa, ku raka shi wurin likita.